Zunubin da ake tafa maka a kai

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan mun tashi lafiya.

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Umar Mukhtar na 1981, wanda Moustapha Akkad ya shirya, ya san fuskar janar ɗin nan na Italiya, Graziani, bos ɗin fim ɗin, mai kallon mutum kamar zai haɗiye shi. To wanda ya fito a wannan matsayin ba ɗan Italiya ba ne, Bature ne ɗan Ingila sunansa Oliver Reed, kuma a kansa nake so mu ɗan yi magana yau. Ba zaginsa zan yi ba, ya riga ya tafi ya tarar da abin da ya shuka, hukuncinsa yana wajen Allah, mu da muka rage mu ne abin ji.

An haife shi a Wimbledon cikin Landan a 1938. Allah ya ba shi duk abin da ɗan fim yake nema, ƙira, murya, kwarjini, ga kuma gata don baffansa Carol Reed babban darakta ne. Ya fara da ƙananan fitowa da finafinan tsoro na kamfanin Hammer, sai a 1968 baffan nasa ya saka shi a fim ɗin Oliver! wanda ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, daga nan fa sunansa ya tashi, daraktoci na ta rububinsa.

Amma fa giya. Wallahi labarin mutumin nan da giya abin tausayi ne, tun yana matashi a wani faɗan mashaya aka yanke masa fuska da fasasshen gilashi, tabon nan bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. A hankali sai shan ya fi finafinan suna, jaridu ba sa rubuta yadda ya iya wasa sai dai yadda ya bugu, ana gayyatarsa hira a talabijin ya zo yana tangaɗi yana sambatu, 'yan kallo na ta dariya suna tafi, ya yi haka a 1987 ya sake yi a 1991 duniya na kallo, kuma kowa ya san abin da ake jira kenan idan an gayyato shi.

A nan nake so mu tsaya. Zunubin da mutum yake yi a ɓoye yana jin kunya, wannan da sauƙi, don kunyar ita ce za ta ja shi zuwa tuba wata rana. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ake tafa maka a kai, har ya zama da shi aka san ka, idan ka bari sai a ce ai wane ya canza, ya zama ustaz, ba ya ba da nishaɗi yanzu. Manzon Allah (SAW) ya ce dukkan al'ummata ana yafe musu sai masu bayyana saɓo, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Yau kuma ba sai gidan talabijin ya gayyace ka ba, waya ce a hannu, yaro ya sha ƙwaya ko ruwan kodin ya bugu abokai su ɗauke shi bidiyo su ɗora a TikTok, mu kuma mu danna laik mu tura a guruf muna ƙyaƙyata dariya, gobe ya ƙara don ya ga kasuwarsa ta buɗe. Don Allah mu da shi wa ya fi laifi? Allah ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan a Suratul Ma'ida aya ta 90, ya ce ku nisance ta, nisantar nan ai har da daina yi wa mai sha kirari.

Ku ji yadda ta ƙare. A 1999 darakta Ridley Scott ya ɗauki Oliver Reed a fim ɗin Gladiator, ya fito a Proximo, tsohon nan mai sayen bayi yana koya musu faɗa, bayan shekaru da yawa manyan finafinai sun ja baya da shi, kowa na cewa ga dama ta dawo masa. Ana cikin ɗaukar fim ɗin a tsibirin Malta, ranar 2 ga Mayu da ba a aiki ya shiga wata mashaya a birnin Valletta, ya haɗu da sojojin ruwan Birtaniya suka yi ta sha, nan zuciyarsa ta buga ya faɗi, shi kenan. Shekararsa 61. Annabi (SAW) ya ce ayyuka da ƙarshensu suke, kuma a Muslim ya zo cewa ana tashin kowane bawa a kan abin da ya mutu a kai. Ba wanda ya san a ina za ta same shi, shi ma da safiyar ranar nan ai yana da lissafin aikin gobe. Ya Allah ka sa mu cika da imani, ka shirya 'ya'yanmu da ƙannenmu da shaye-shaye ya kama.

Fim kuwa bai tsaya ba ko kaɗan. Akwai fitowarsa da ba a gama ɗauka ba, sai aka gyara labarin aka kashe Proximo, aka samo wani mai irin jikinsa aka ɗora masa fuskar mamacin da kwamfuta, fim ya fito a 2000 ya tara maƙudan kuɗi ya ci Oscar, shi kuma yana kabari a Churchtown can ƙasar Ayilan. Ita ko mashayar da ya faɗi a ciki sai ta maida mutuwar tasa talla, an liƙa hotunansa a bango, 'yan yawon buɗe ido na zuwa ganin inda ya zauna suna sayen giya suna ɗaukar hoto.