Barista Yana Cikin Sashe na 24

Tun ranar da Ɗan Boko ya dawo hutu daga jami'a, gidan Malam bai ƙara jin shiru ba. Zango ɗaya kacal ya yi yana ɗaukar kwas ɗin haƙƙin ɗan Adam, amma har ya sa yaran unguwa suna kiransa Barista. Ranar Asabar, hantsi ya dubi ludayi, yana miƙe kan tabarma a zaure, ya rufe fuska da handawut saboda ƙuda. Kaka tana bakin ƙofar cikin gida tana tsinkar zogale. Sai ga Malam riƙe da fartanya.

MALAM: Kai, tashi. Ciyawa ta cinye gyaɗar nan ta bayan gari. Bi ƙannenka ku yi mata maimai.

ƊAN BOKO: Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ina cikin sashe na 24.

MALAM: Kana cikin me? Ni dai a zaurena na gan ka.

ƊAN BOKO: Sashe na 24 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya ce kowane mutum yana da haƙƙin hutu da shaƙatawa, a taƙaita masa awannin aiki, a kuma riƙa ba shi hutu mai albashi.

MALAM: Mai albashi! To kafin a taƙaita awannin, nuna mini awa ɗaya da ka yi tun da ka dawo.

KAKA: Ƙyale mini ragon mijina, Malam. Jiya ya yi aiki. Ni na gan shi da idona ya ɗaga malmala uku.

ƊAN BOKO: Wannan kuma sashe na 25 ne, Kaka. Abinci, sutura, muhalli, magani. Duka duka sassa 30 ne, an amince da su a birnin Faris ranar 10 ga Disamba, 1948.

KAKA: 1948? Ashe sa'ata ce takardar. Ni ga shi haƙora sun zube. Ita fa, da sauran haƙori a bakinta?

MALAM: Tsaya tukuna. Wa ya tafi Faris ɗin a madadinmu? Ni ban ji an ce Sarki ya aika wakili ba.

ƊAN BOKO: Ai lokacin ba mu da kujera, Baba, muna hannun Turawan Ingila, sai 1960 muka samu mulkin kai. Ƙasashe 48 suka ce sun yarda, 8 suka ƙi jefa ƙuri'a, cikinsu har da Saudiyya da Tarayyar Sobiyat da Afirka ta Kudu. Daga nahiyarmu kaf uku ne suka ɗaga hannu: Masar, Habasha da Laberiya.

MALAM: Ingilar fa?

ƊAN BOKO: Ta yarda.

MALAM: Wato mutumin da ke karɓar harajinmu da jangalinmu shi ne ya je ya ɗaga hannu cewa kowa ɗa ne, babu bawa, sannan ya dawo ya ci gaba da karɓa?

ƊAN BOKO: Wallahi Baba tambayar da na yi wa malaminmu ke nan a aji.

MALAM: Me ya ce?

ƊAN BOKO: Ya ce tambaya ce mai kyau, amma lokaci ya ƙure.

KAKA: Ubana ya sha ba mu labarin ɗiban gwamna, yadda aka kwashe su zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos lokacin yaƙin Hitila. Sanyi ya kashe na kashewa. Shi ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Da ya san za a rubuta masa hutu mai albashi bayan 'yan shekaru, da ya ce su jira shi.

Ana cikin haka sai ga Auta ta fito daga cikin gida, riƙe da wata takarda da mai ya jiƙe ta har ana hango hannu ta bayanta.

AUTA: Yaya, wannan shafin da ka yage ka ce a zuba maka ƙosai a ciki, ba na littafinka ba ne?

ƊAN BOKO: Kawo nan! Ba ya cikin abin da zai fito a jarrabawa.

MALAM: Karanta mana, Auta. Abin da aka naɗe ƙosai da shi, shi nake son ji.

AUTA: An rubuta Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi, wadda ake kira ta Banjul, shugabannin Afirka suka amince da ita a Nairobi a 1981. Sashe na 29... nan mai ya ɗan taɓa... wajibi ne a kan mutum ya girmama iyayensa a kowane lokaci, ya kuma ɗauki nauyinsu idan suna cikin buƙata.

MALAM: Maimaita.

AUTA: Ya girmama iyayensa a kowane lokaci.

MALAM: A kowane lokaci. Har da hantsin Asabar?

AUTA: Ba a cire Asabar ba, Baba. Ga kuma inda Yaya ya ja layi da jan biro da hannunsa: sanarwar 1948 sanarwa ce kawai, ba a kai ƙara kotu da ita, ta Afirka kuwa Najeriya ta mayar da ita dokar ƙasa tun 1983.

MALAM: Allahu Akbar! Wato tawa doka ce, taka wa'azi. Shi ya sa ka ba mai ƙosai tawa, ka rufe fuska da taka.

ƊAN BOKO: Baba, abin yana buƙatar fassara. Akwai mahanga iri-iri a tsakanin masana.

KAKA: Mahangar da ke hango tuwo ba ta hango gona.

AUTA: Tunda an buɗe littafi, Yaya, sashe na nawa ne ya hana a buɗe wayar mutum a karanta masa saƙonni?

ƊAN BOKO: Na 37 a tsarin mulkin 1999. Sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Me ya faru?

AUTA: Shekaranjiya wa ya ƙwace wayata ya bi saƙonnina ɗai-ɗai, har ya goge lambobi biyu?

ƊAN BOKO: Wannan tarbiyya ce. Ni yayanki ne.

AUTA: To ba ni taka in yi maka tarbiyya.

ƊAN BOKO: Ke! Sashe na 37!

KAKA: Wanzami ba ya son jarfa.

Sallama aka yi daga waje. Almajirin gidan ne, ɗauke da ƙullin kaya a ka, an goge su sai ƙyalli suke, karin guga kamar wuƙa.

ALMAJIRI: Barista, ga wankin. Shadda huɗu, yadi uku, wandon jins biyu, singileti biyar. Kala 14. Gawayin dutsen guga ma ni na saya.

ƊAN BOKO: Madalla. Ajiye can. Shiga ciki a ba ka ɗumame.

ALMAJIRI: Na gode. Amma Barista, wancan sashen da kake karantawa da daddare, wanda ya ce duk wanda ya yi aiki a biya shi ladan da ya dace, na nawa ne ma?

ƊAN BOKO: Na 23. Amma ana maganar ma'aikata ne.

ALMAJIRI: Ni ɗin mene ne?

ƊAN BOKO: Kai... kai ɗan gida ne.

ALMAJIRI: To idan ɗan gida ne ni, wanda ya ce kowa yana da haƙƙin ilimi, na firamare kyauta, sashe na 26, zan iya kai ƙara a saka ni boko da rana?

Nan Ɗan Boko ya tashi zaune, ya sosa ƙeya. Wannan karon ba wasa a muryarsa.

ƊAN BOKO: Ka ga wannan ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk kwas ɗin. Tsarin mulkinmu ya raba abin gida biyu. Rai, mutunci, 'yancin magana, addini, walwala, shari'ar adalci, suna babi na 4, idan an taɓa su ka nufi babbar kotu kai tsaye. Ilimi kyauta da asibiti da abin kaiwa baki kuwa an ajiye su a babi na 2, a matsayin manufofin gwamnati, kuma tsarin mulkin da kansa ya ce kotu ba ta da hurumin tambayar ko an cika su.

MALAM: Wato duk wanda zai ci wa gwamnati kuɗi an sa shi a ɗakin da alƙali ba ya leƙawa.

ƊAN BOKO: Kusan haka ne, Baba.

MALAM: Kana da 'yancin ka ce kana jin yunwa, amma tuwon sai an ga hali.

ALMAJIRI: Kuɗin wankina fa, a wane babi yake?

ƊAN BOKO: Babi na 2.

Kafin Almajiri ya ba da amsa, aka buga ƙyauren zaure da kulki. Kurtu ne, hula a karkace, gumi har wuya.

KURTU: Ina telan gidan nan? Wata mata ta kawo ƙara. Ya karɓi atamfa turmi uku da kuɗin ɗinki, biki ya zo ya wuce, ko hannun riga ba ta gani ba.

MALAM: Babban ɗana ne, Yallaɓai. Ya yi tafiya tun Laraba, wayarsa ma ba ta shiga.

KURTU: Shi ke nan. Ɗaya daga cikinku ya biyo ni caji ofis. Idan ya ji ɗan'uwansa yana ciki, da ƙafarsa zai zo. Kai mai gilashi, sa takalminka.

Duk zauren ya juya ya dubi Barista. Barista ya dubi ƙasa.

KAKA: Yawwa, yau ranarka ce, maigida. Zuba masa sassan nan!

ƊAN BOKO: Ra... ranka ya daɗe, Yallaɓai, ofisa, barka da aiki. Ya iyali? Dama... bisa ga... wato a Faris...

KURTU: A ina?

ƊAN BOKO: Babu komai, ranka ya daɗe. Takalmin nake nema.

AUTA: Yaya, ga shi a ƙafarka.

Sai Almajiri ya sauke numfashi, ya durƙusa, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya fara rangaji gaba da baya kamar yana gaban alaramma da allo.

ALMAJIRI: Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 36: ba a kama wani a madadin wanda ake zargi. Dokar dai ta ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa alkawarin ciniki, wannan maganar kotu ce. Tsarin mulkin 1999, sashe na 35: wanda aka kama a faɗa masa dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da damar ya yi shiru sai ya ga lauyansa, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 36: duk wanda ake tuhuma marar laifi ne sai an tabbatar...

KURTU: Kai, kai, ya isa! Wannan yaron wa ya koya masa?

ALMAJIRI: Barista ne. Yana bita da daddare ina yi masa fifita. Mu da muke haddace izu guda a wata, wannan ai ba komai ba ne.

KURTU: (Ya gyara hula.) To ai ni ma ba kama shi zan yi ba. Rakiya na ce ya yi mini. Idan telan ya dawo ku ce ana nemansa. Malam, ba ɗan kuɗin mai? Daga nesa na zo.

ALMAJIRI: Yallaɓai, a bangon ofishinku an rubuta beli kyauta ne. Idan fita kyauta ce, zuwa nawa ne?

KAKA: Ungo zogale, ɗan nan, ka kai wa matarka. An ce yana maganin hawan jini.

Kurtu ya karɓi zogalen, don ba a mayar da hannun kyauta, ya fita yana waiwayen Almajiri. Ƙarar babur ɗinsa na ɓacewa, Ɗan Boko ya miƙe ya gyara gilashi.

ƊAN BOKO: Kun gani ko? Haka manyan lauyoyi ke yi. Sai ka bar ƙaramin lauya ya fara, kai kana nazarin abokin hamayya. Da ya ƙara minti ɗaya da na kai shi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1995.

AUTA: Da takalmin da kake nema za ka je?

ALMAJIRI: Barista, yanzu lissafin ya zama biyu. Wanki da guga kala 14, da kuɗin lauya.

ƊAN BOKO: Wane irin kuɗin lauya kuma? Ai ilimina ka yi amfani da shi!

KAKA: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Biya yaro, ko in kira Kurtun bai yi nisa ba.

Ɗan Boko ya laluba aljihu, ya zaro 'yan canjin da ya ɓoye na sayen data, ya ƙirga wa Almajiri a tafin hannu, yana yi yana tsaki. Malam ya jira ya gama, sannan ya miƙa masa fartanya.

MALAM: Sashe na 29. A kowane lokaci.

ƊAN BOKO: Baba, ina da haƙƙin a saurare ni kafin a yanke hukunci. Ina buƙatar lauya. Kai, zo ka tsaya mini.

ALMAJIRI: Ka yi haƙuri, Barista. Malam ya riga ka, shi ke ba ni abincin dare.

Haka Barista ya saɓa fartanya a kafaɗa, shadda tana jan ƙasa, ya fita, yaran unguwa na bin sa suna "Barista, ina za a?" Almajiri ya karkaɗe tabarmar, ya miƙe a kai, ya ɗauki handawut ɗin ya rufe fuska.

KAKA: Kai ɗan nan, tashi ka ɗebo mini ruwa a randa.

ALMAJIRI: Kaka, ina cikin sashe na 24.

KAKA: Kai kam ka yi aikin, kwanta. Auta, miƙo mini moɗa.