Amincewar doka ba ta mai da ƙungiyar tarihi ofishin gwamnati

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar dokar jiha a Amurka ta amince da ƙungiyar adana tarihin wani gari, shi ke nan ta shiga kasafin kuɗin gwamnati. Ina! Dubi jihar Wiskonsin. Dokarta ta ba irin waɗannan ƙungiyoyi damar yin rajista kyauta a ƙarƙashin babbar Ƙungiyar Tarihi ta jihar, wadda aka kafa a 1846, su kuma su riƙa aika mata rahoto kowace shekara. Majalisar gunduma na iya tallafa musu in ta ga dama, amma ba tilas ba ne. Galibi 'yan sa-kai ne ke jera tsofaffin hotuna da takardun filaye, kuɗin wuta kuwa daga gudummawar mambobi yake fitowa.