Gida ya kammala, amma wa zai gama unguwar?

Masu neman gida a sababbin unguwannin gefen birni kusan salon dubawarsu ɗaya ne. A ƙwanƙwasa bango, a buɗe taga a rufe, a ɗaga kai a ga ko rufi na yoyo, a ƙirga ɗakuna. Sai an kusa shiga mota wani zai waiwayo ya ce wa dillali, "To ruwa fa? Makarantar yara fa?" Shi kuwa amsarsa a bakinsa take: "Suna nan tafe, ranka ya daɗe. Ga filin can ma an ware." Mai saye ya gyaɗa kai, domin hankalinsa ya riga ya tafi kan mukulli.

A ganina nan ne ake faɗuwa a cinikin. Abin da zai sa zaman gidan ya yi daɗi ko ya zama azaba yawancinsa a wajen katanga yake: bututun ruwa, magudana, hanyar da mota za ta bi ko da an kwana ana ruwan sama, motar kwashe shara, makarantar da yaro zai iya takawa da ƙafa. Gidan yana cikin takardar ciniki da girmansa da iyakokinsa. Waɗannan kuwa a bakin dillali kawai suke, kuma ba shi zai zauna a unguwar ba.

Kada a ɗauka wannan cuta ce ta ƙasashe matalauta kaɗai. Tsakanin 1921 da 1935 hukumar birnin Landan ta gina unguwar Becontree a gabashin birnin, gidaje sama da 25,000, don kwashe ma'aikata daga cunkoson tsakiyar gari. Gidajen sun fi inda mutanen suka baro nesa ba kusa ba, da ruwan famfo da makewayi a ciki da ɗan lambu. Amma waɗanda suka fara tarewa sun iske makarantu ba su isa ba, kantuna ƙalilan ne, wurin aiki kuma yana can inda suka fito. Sai a 1931 kamfanin Ford ya buɗe masana'antarsa a Dagenham da ke kusa, jirgin ƙasa mai lantarki kuma ya iso yankin a 1932, shekara goma ke nan da wani abu bayan an fara ginin. Yaron da aka kai can yana tatata ya yi wayo kafin unguwar ta cika unguwa.

Na ƙasar Meziko ya fi wannan muni. Daga farkon shekarun 2000 aka dinga gina ƙananan gidaje iri ɗaya, jeri-jeri, a filaye masu arha da ke nesa da birane, ma'aikata kuma suna saye da bashin asusun gidaje na Infonavit. Ƙidayar 2010 ta samu gidaje kusan miliyan 5 da ba kowa a ciki a faɗin ƙasar. Dalilan suna da yawa, ciki har da ƙaura da rashin tsaro, amma a irin waɗannan unguwanni an ga mutane da dama sun kulle ƙofa sun koma haya a cikin gari, bashi na kansu, saboda kuɗin mota da awannin da ake kashewa a hanya sun cinye amfanin mallakar gidan. Mutum ba ya barin gidan kansa ya koma haya don nishaɗi.

Masu gini suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa in aka tilasta musu kammala komai kafin su sayar da gida ko ɗaya, kuɗin zai koma kan mai saye, ƙaramin ma'aikaci kuma ya rasa inda zai sa kansa. Suna ƙarawa da cewa ba mai buɗe kanti a unguwar da iyali ashirin ne kacal suka tare, ba kuma kamfanin sufurin da zai tura bas ta dawo wayam. Duk wannan gaskiya ne. Inda na rabu da su shi ne cuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Mai kanti, mai gyaran mota, mai sayar da magani da direban haya za su zo da ƙafarsu da zarar jama'a sun taru, ba sai an roƙe su ba, don riba ce ke kiransu. Abin da ba ya zuwa da kansa shi ne abin da ake binnewa a ƙarƙashin ƙasa, da kuma filin da ya kamata a bari ba a gina ba. Su biyun nan suna da arha kafin a aza tubalin farko, bayan nan kuwa tsadarsu ta ninka, wani lokacin ma sun gagara har abada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ce zai shimfiɗa magudana bayan gidaje sun tsaya, sai ya fasa kwalta, ya rushe katangu, ya biya diyya, ya kuma yi shari'a da wanda ya ce ba a taɓa masa taku ɗaya na filinsa.

Mu ɗauki ruwa, tunda shi ne ya fi fallasa lamarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa mutum na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum shida ke nan yana neman lita 300 zuwa 600 kowace rana ta Allah. In babu bututun gwamnati, mai hali zai haƙa rijiyar burtsatse, maƙwabcinsa ya gani ya haƙa tasa, kafin a ankara kowane gida da tasa. A gefe guda kuma, tunda babu babbar magudanar ƙazanta, kowane gida da ramin masansa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ko a sansanin 'yan gudun hijira ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bayan gida da wurin da ake ɗiban ruwan ƙasa. To a fulotin da tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne, ina za a samo wannan tazara? Ko ka nisanta rijiyarka da raminka, na maƙwabcin da ke bayanka yana jingine da katangarka, kuma bai nemi shawararka ba. Ruwan zai fito garau, sai dai ciwon cikin yara ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ana ta ɗora laifi a kan sauyin yanayi.

Ƙasar kanta ba ta yafewa. Birnin Jakarta na Indunusiya, inda ruwan famfo bai kai ga ɗimbin gidaje ba har kowa ya koma zuƙo na ƙasa, yana nutsewa a hankali, musamman arewacinsa da ke bakin teku, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin ƙasar ta sanar a 2019 cewa za ta mayar da babban birni tsibirin Borneo. Ba kowace unguwa ce za ta nutse ba, amma kowace unguwa mai burtsatse ɗari za ta ga ruwan na ƙara nisa, wanda ya haƙa da wuri kuma ya sake kiran masu haƙa su zurfafa masa.

Abin da ya fi damuna a wannan tsari na kowa-tasa-ta-fisshe-shi ba kuɗin da ake ɓarnatarwa ba ne, duk da cewa rijiya ɗari da janareta ɗari da mai gadi ɗari sun fi tsadar abu ɗaya da aka yi wa kowa. Damuwata ita ce yana kashe murya. Mutumin da ke da bakin da hukuma za ta saurara shi ne na farko da ke haƙa rijiya ya sa sola, daga ranar kuma ya daina zuwa taron unguwa, don matsalar ta bar gidansa. Waɗanda suka rage suna kuka su ne waɗanda ba a ɗaga musu waya.

Batun fili kuwa an daɗe da sanin lissafinsa. Tun a 1929 wani masanin tsara birane Ba'amurke, Clarence Perry, ya ba da shawarar a gina unguwa makarantar firamare na tsakiyarta, yadda yaro zai isa da tafiyar kimanin mita 400 ba tare da ya tsallaka babban titi ba. Hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar tituna su ci aƙalla kashi 30 cikin 100 na filin sabuwar unguwa. Ga mai sayar da fuloti wannan asara ce tsagwaronta, domin kowane taku da ya bari wa titi ko makaranta kuɗi ne da bai shiga aljihunsa ba. Shi ya sa filin nan da dillali ya nuna da yatsa yakan wayi gari an yanka shi gidaje huɗu, in dai ba a rubuta shi da sunan hukuma ba. Kuma ba sai ƙasa ta yi arziki take iya kare shi ba. Aikin raya birane na farko da Bankin Duniya ya ba da rance dominsa, a Senegal a 1972, bai gina wa mutane gidaje ba. An shata hanyoyi, an ja ruwa, an ware wuraren makaranta da asibiti, sannan aka ba mutane fuloti kowa ya gina daidai ƙarfinsa. Unguwar Parcelles Assainies ta Dakar daga nan ta samo asali, kuma yau tana cikin sassan birnin mafiya cika da jama'a.

Ko an gina komai, da sauran rina a kaba, domin akwai tambayar da masu saye ba su cika yi ba: in ya lalace, wa zai gyara? Fitilar titi takan mutu, kwalbati ya toshe, taransifoma ta ƙone, kwalta ta farfashe. Ingila tana da dokar tsara gari ta 1990 wadda sashenta na 106 ya ba ƙananan hukumomi damar sa mai gini ya ba da gudummawar makaranta ko hanya kafin a ba shi izini. Duk da haka, binciken da hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta fitar a 2024 ya gano cewa kashi 80 cikin 100 na sababbin gidajen da manyan kamfanonin gini 11 suka sayar a 2021 zuwa 2022 suna ɗauke da kuɗin hidima na shekara-shekara da ake biya wa kamfani mai zaman kansa, saboda ƙaramar hukuma ba ta karɓi hanyoyi da magudanai da filayen wasan unguwar ba. Mai gida na biyan harajin hukuma kamar kowa, ga kuma wannan a kai, sau da yawa ba shi da ikon sallamar kamfanin ko aikin bai yi ba. Hukumar kula da gasar kasuwancin ta ba da shawarar a wajabta wa ƙananan hukumomi karɓar irin waɗannan kayayyaki. In haka ta faru a inda takardu ke da ƙarfi, sai a auna inda yarjejeniyar ta baki ce.

A nan ne ƙungiyar mazauna unguwa ke shigowa, kuma ina ganin amfaninta, amma ina tsoron inda takan ƙare. Ana fara ta don a matsa wa mai gini da hukuma su cika alkawari. Bayan wasiƙa uku ba amsa sai a ce a yi karo-karo a zuba ɓaraguzai a hanya, daga nan a sayi taransifoma, daga nan a ɗauki 'yan sintiri. Shekara biyar ba ta cika ba ƙungiyar ta zama ƙaramar gwamnati mai karɓar haraji, marar dokar da za ta tilasta wa wanda ya ƙi biya, hukumar gaskiya kuma ta samu uzurin kau da kai tunda "sun iya da kansu". Karo-karo na gaggawa ba laifi ba ne. Amma duk abin da aka saya da kuɗin jama'ar unguwa ya kamata a miƙa shi ga hukumar da ke da alhakinsa a rubuce, da sa hannu, don nauyin gyara ya koma inda ya dace. Sannan ƙungiyar da ta rufe hanyoyi huɗu ta bar ƙofa ɗaya saboda ɓarayi, ta tuna cewa motar kashe gobara da ta ɗaukar marasa lafiya ma ta nan za su shigo. Likitoci sun ce wanda zuciyarsa ta tsaya, damar tsirarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowane minti in ba a yi masa taimakon gaggawa ba. Layin da ba shi da suna, gidan da ba shi da lamba, da mai gadin da ya tafi da mukullin ƙofa duk mintoci ne.

Abin da nake so hukumomin tsara birane su riƙe ba sabo ba ne. A sassa da yawa na Amurka, mai yanka fili ya sayar sai ya ajiye jinginar kuɗi ko takardar lamuni daidai da kuɗin hanyoyi da magudanai, kuma ba a sakar masa sai injiniyan hukuma ya duba aikin ya karɓa. In ya gudu, da kuɗinsa za a kammala. A haɗa wannan da sharaɗin cewa filin makaranta da na asibiti su koma sunan hukuma kafin a sayar da fuloti na farko. Zai ƙara wa gida kuɗi, babu shakka, amma kuɗin da mai saye zai biya ne ko ta yaya, a tankar ruwa da gyaran mota da kuɗin makarantar nesa, sai dai a nan ya san adadinsa tun kafin ya sa hannu.

Kafin hukuma ta farka, mai saye na da 'yan dabarun da ba sa cin ko sisi. Ya je unguwar washegarin ruwan sama mai ƙarfi, ba ranar da dillali ya zaɓa ba. Ya gwada fita daga can zuwa wurin aikinsa da ƙarfe bakwai na safiyar ranar aiki. Ya nemi taswirar da hukuma ta buga wa hatimi ya ga ko filin makarantar na cikinta. Ya kuma ƙwanƙwasa ƙofar wanda ya riga shi tarewa da shekara biyu, ya tambaye shi wa suka kira ranar da magudanar layinsu ta toshe, da kuma ko ya zo.