Wayar talaka tana mutuwa alhali jikinta garau

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai Allah ya nufa zan amayar da ita.

Shekara tara ke nan ina riƙe da shagon cajin waya a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Da inji na fara, yanzu alhamdulillahi sola ce ke ɗauke da mu. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, kafin hantsi allon cajina ya cika maƙil, sai na liƙa wa kowace waya lamba don kada a yi musanya. Wanda ya zauna a irin wannan wuri yana sanin wayoyin jama'a fiye da masu su. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne yawan wayoyin da ake jefawa cikin kwalla a manta da su, alhali babu abin da ya fashe a jikinsu.

A ƙarshen 2023 wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta zo mini da wayarta a ƙulle a bakin zane. Ɗanta yana aikin ƙarfi a Legas, shi ya bar mata wayar. Ba ta yi boko ba, abu ɗaya ta iya: ta danna ta saurari muryarsa, ta danna ta mayar masa. Ta ce, "Ɗan nan, duba mini, muryar yaron nan ta daina shigowa." Na duba batir lafiya, ni da kaina na canja mata shi bara waccan. Gilashi babu ko tsaga. Layi yana kamawa. Da na shiga saiti sai na ga Android 4.4 ne a kai, tun ranar da ta fito daga kwali ba ta taɓa matsawa gaba ba. Daga 24 ga Oktoba 2023 kuma WhatsApp ya daina aiki a duk wayar da ba ta kai Android 5 ba. Na ce, "Inna, wayarki lafiyarta ƙalau, amma ta tsufa daga ciki." Ta dube ni ta ce, "To in lafiyarta ƙalau, me ya hana ta magana?" Wallahi har yau tambayar nan tana raina.

Ba na ganin laifin masu WhatsApp, ba za su yi ta ɗaukar tsohuwar manhaja har abada ba. Matsalar tana wani wuri. Waya kashi biyu ce: gangar jikin da muke riƙewa, da babbar manhajar da ke tuƙa ta. Kusan duk wayar da ke hawa allona Android ce ke tuƙa ta, wadda Google ke yi, kuma tun 2008 da wayar farko ta fito da ita kusan kowace shekara sai an fitar da sabuwa. Sai dai sabuwar ba ta tasowa daga Google ta faɗo cikin wayarka kai tsaye. Sai kamfanin da ya ƙera wayar ya karɓa, ya daidaita ta da kayan cikin wayar, ya ɗora nasa kwalliyar a kai, sannan ya turo. Wannan aiki kuɗi yake ci. Wayar da aka sayar da araha an riga an ci ribarta tun ranar ciniki, saboda haka sai a bar ta a inda take, a fito da wata sabuwa mai sabon suna bayan wata shida.

Wani zai ce ai wannan damuwar 'yan gayu ce, mai son sabon launi da sabon salo. A'a. Akwai sabuntawar da ba ta canja kamannin komai, aikinta toshe kafar ɓarayi. A 2015 aka gano wata kafa a Android da aka sa wa suna Stagefright, wadda saƙon bidiyo ɗaya tak zai iya buɗe wa mugu hanyar shiga waya. Bayan nan ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata. Kowa zai iya duba tasa: a shiga saiti, wajen bayanin waya, akwai kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Ni ya zama mini jiki, duk wadda aka ce in duba sai na leƙa wurin. Na ga mai shekara uku, na ga mai biyar. Kuma a cikin waɗannan wayoyin ne dukiyar mutane take kwana yanzu. Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mai sayar da riɗi da dillalin shanu duk sun koma taransifa. Mutum ya sayar da bijimi, kuɗin yana cikin wayar da aka daina yi wa ƙyaure tun shekaru.

Gaskiya kuma ko an turo sabuntawar, mu ma ƙi muke yi, kuma ban ga laifinmu ba. Wanda ya tsara abin ya ɗauka kowa yana da wayfay a gida da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu nan sabis sai an hau tudu ko an jira dare ya tsala. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Yaron da ya sayi datar mako da kuɗin da ya samo a cirar gyaɗa, ka ce ya ƙarar da ita a dare ɗaya kan abin da ba zai gani da idonsa ba? In ma ya yarda, sai wayar ta ce babu wuri, domin babbar manhaja da tarkacen da aka cusa mata tun daga masana'anta, waɗanda ba sa gogewa, sun cinye babban kaso na ma'ajiyar. Sai ya goge hotunan bikin yayarsa. In an gama kuma wani lokaci wayar ta ƙara nauyi, ta riƙa sanƙarewa. Shi ya sa a ƙauye nasihar da ake yi wa juna ita ce, in ta nuna maka wannan rubutun kada ka taɓa.

Sai maganar sanarwar da ke faɗowa a fuskar waya, wadda ita ce ta fi ba ni haushi a kullum. In na jera waya arba'in a allo, shagon ba ya yin shiru na minti ɗaya. Wannan ta yi ƙyal, waccan ta yi tsuwa. In ka leƙa, talla ce: wasan da ba a nema ba, rancen da ba a tambaya ba, hoton da dattijo zai ji kunyar a gani a hannunsa. Kowace ɗaya tana kunna fuska, tana shan batir, tana lasar data, ga zafin Afrilu da ke kumbura batir ko ba a taɓa shi ba. Amma babbar ɓarnar ita ce ta sa mutane sun kasa bambance gaskiya da ƙarya. Alat ɗin banki na gaske yana nutsewa cikin shara. Saƙon ɗan damfara da ke cewa a sabunta BVN ko a rufe asusu, kamanninsa ɗaya da sauran, kuma duk da Turanci suke zuwa. Na san magidancin da ya kauce wa sabuntawar gaske shekara biyu, ranar da ya danna kuwa ta ƙarya ya danna.

An yi maganin wasu daga cikin waɗannan. Android 12 ta 2021 tana nuna ɗigon kore a saman fuska duk lokacin da wata manhaja ta kunna kyamara ko makirfo. Android 13 ta 2022 ta wajabta wa manhaja neman izini kafin ta fara turo sanarwa. Amma wayar da ta tsaya a 9 ko 10 ba za ta taɓa ganin wannan ba. Kariyar ta tafi wajen mai kuɗi da ilimi, shi kuwa wanda ya fi buƙatarta ya tashi a tutar babu.

Akwai wani ƙaramin abu da ke taɓa ni. Fatake da direbobi suna yawan cewa in sa musu manhajar alƙibla. Manhajar tana dogara ne da wata 'yar na'ura a cikin waya da ke jin maganaɗisun ƙasa, kuma wayoyi masu araha da yawa ba a sa musu ita. Manhajar za ta hau, kibiya ta fito, amma ko ta ƙi motsi ko ta nuna inda ta ga dama. Mai shago bai faɗa ba, kwali bai faɗa ba. Nakan ce musu, Malam, alƙiblarmu nan gabas ce da ɗan karkata arewa, ka bi rana da masallacin gari ya fi maka wannan kibiya.

Na san za a ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To amma rariya ana ganin hudojinta kafin a biya. Ita waya a rufe ake sayenta. Daga 20 ga Yuni 2025, Tarayyar Turai ta sa doka cewa duk wayar da za a sayar a ƙasashenta sai an ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara 7 a manyan wayoyinsu, waɗanda kuɗin ɗaya zai sayi saniya. Ni ban ce a ba mu bakwai ba. Roƙona ga NCC, tunda ita ke amincewa da kowane samfurin waya kafin a sayar da shi a ƙasar nan, ta wajabta a rubuta a jikin kwali ɓaro-ɓaro shekarar da za a daina kula da wayar, da Turanci da Hausa. 'Yan uwanmu na kasuwar Farm Centre a Kano da muke saro kaya a wajensu, ku ma ku riƙa tambayar masu kawo muku, mu kuma mu tambaye ku.

Inna kuwa sai da ta yi wata uku ba ta ji muryar ɗanta yadda ta saba ba, sai dai gajeren kira in ya sami kati. Daga baya ya turo kuɗi, na shiga Gumel na sayo mata sabuwa daidai ƙarfinsa. Tsohuwar tana nan, da fitilarta take zagayawa da dare. Sabuwar kuma da na ɓare ledarta a gabanta na shiga saiti, gyaran tsaronta na ƙarshe ya riga ya yi wata goma sha ɗaya.