Ranar da na yi wa jan baki walima a fadamar Baba

Tun ina yaro na san ni da noma ba ma ga maciji. A gidanmu na Argungu kowa da fartanya ya tashi, ni kuwa da an ce gobe za a shiga fadama, tun da dare zazzaɓi zai rufe ni. Ranar da na samu aikin ofis a Birnin Kebbi har sadakar ƙosai na yi, na ce na rabu da laka da sauro. Ashe noman ta waya zai biyo ni.

Wani abokin aikina ne ya jawo mini. Ya sa mini wani wasa, Stardew Valley, ya ce in riƙa taɓawa idan barci ya ƙi zuwa. Wani Ba'amurke, Eric Barone, shi ya zauna shi kaɗai sama da shekara huɗu yana haɗa shi, zane da kiɗa da labari duk aikinsa, ya fitar a 2016. Labarin kamar da ni ake: ma'aikacin ofis ya gaji da zaman kujera, ya koma ƙauye ya karɓi gonar da kakansa ya bar masa. Sai dai shi ba kawu ko ɗaya da ya taso ya ce a sake rabon gado.

Wanda bai taɓa biyan kuɗin taki ba ba zai gane daɗin abin nan ba. Ka shuka, ka ba da ruwa, ya fito. Shi ke nan. Ba bashi, ba fetur ɗin injin ban ruwa, ba Gulbin Rima da zai cika cikin dare ya shafe wahalar wata uku. Ka zuba kayanka a akwati ka kwanta, da safe kuɗinka sun shigo cif, babu ɗan kasuwar da zai damƙi shinkafarka ya yamutsa fuska ya ce ba ta bushe ba. Shinkafar ma kwana 8 take yi, in kusa da ruwa ka dasa ta kwana 6, alhali FARO 44 ɗin Baba sai ta kusa cinye wata huɗu. Har aure ana yi, kuma ba lefe. Kamun kifi ne kaɗai ya gagare ni a ciki, ni ɗan garin da ake bikin kamun kifi a Matan Fada, amma wannan maganar ta tsaya tsakaninmu.

Hutu na zo gida, daidai lokacin da shinkafar rani ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa kamar madara. Lokacin tsuntsayen jan baki ke nan. Ƙanana ne, ba su kai dunƙulen hannu ba, amma idan suka taso sai ka rantse hadari ne. Ranar Baba zai je ta'aziyya Augie, ƙannena suna makaranta, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma'aikaci, ko tsaron tsuntsu ka iya?"

Na ce, "Haba Baba, ai yanzu na san noma."

Bai tambaye ni inda na koya ba, ni ma ban faɗa ba.

Aikin ba wuya a baki. An ja igiyoyi sun ratsa gonar, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ka zauna a rumfa, ka ga tsuntsu, ka ja igiya, ka yi ihu. Na yi awa guda ina ja ina ihu kamar mai tallan kifi. Da wuri ya yi shiru, sai na ce bari in leƙa kajina minti biyar, tunda wasan ba ya buƙatar data. Na leƙa na tarar hankaka ya cinye mini shuka ɗaya. Ɗaya tak, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wallahi yau sai na kafa mutum-mutumi. Ana buƙatar itace 50, gawayi 1 da zaren ciyawa 20, ni kuwa itacena bai kai ba, sai na ɗauki gatari na nufi daji.

Na ji wata ƙara a sama kamar ana sheƙe hatsi, har na yaba wa Ba'amurken a zuciyata, na ce mutumin nan ya iya sauti. Na kuma ji maƙwabcin gonarmu yana ƙwala kira daga nesa, na ɗaga masa hannu ban ɗago kai ba, a zatona gaisuwa ce.

Ina kafa mutum-mutumin, ina murmushi, sai inuwa ta rufe mini fuskar waya. Baba ne, da babbar rigarsa ta ta'aziyya, ya naɗe ƙafar wando. Bayansa kuwa, kusurwar gabas ta gonar ta koma kan da wanzami ya fara aski aka kira shi. Tsuntsayen ko gudu ba su yi ba, wasu ma a kan igiyar suke zaune suna hutawa.

"Mi kaka yi?"

"Noma, Baba."

Ban san yadda aka yi kalmar ta fito ba. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya nuna da yatsa ya ce, "Wanga fa?" Na ce mutum-mutumi ne, na korar tsuntsaye. Ya ce yana aiki? Na ce sosai. Ya gyaɗa kai ya ce, "To shi dai ya fi ka amfani." Ya jefa wayar a aljihu.

Da dare Inna ta kai wa kowa tuwon shinkafa da miyar kuka, ni ta ajiye mini kwano rufe. Na buɗe, wayam. Ta ce ta ji an ce na yi girbi, in auno mata daga tawa ta tuƙa mini. Sai da ƙannena suka gama birgima don dariya ta fito da nawa.

Sauran kwana tara na hutun a rumfar nan na yi su, daga asuba zuwa faɗuwar rana, ba waya, har muryata ta koma ta agwagwa. A majalisar ƙofar gida an riga an raɗa mini Sarkin Noman Amurka. Ranar da zan koma Birnin Kebbi Baba ya miƙo mini wayar a tasha, ya yi shiru, sannan ya rage murya kada direba ya ji.

"Waccan shinkafa mai kwana shida, in ana samun irinta, ka auno mini tiya guda."