Ɗan wata shida: ku bar shi a ƙasa, ku yi masa magana

Abin da ya fi damuna a rainon jariri idan ya kai wata biyar zuwa bakwai shi ne gaggawa. Yaro ya fara riƙe wuya yana ɓangala dariya, sai a sa uwarsa a gaba: "Har yanzu bai zauna ba? Ɗan wance ai tuni yake zama." Hankalinta ya tashi, ta kewaye shi da matasan kai tana zaunar da shi dole, uban kuma ya sayo keken koyon tafiya. Wannan tseren ba yaron yake amfana da shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi yara masu ƙoshin lafiya a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Wasu sun zauna da kansu kafin su cika wata 4, wasu sai da suka kai wata 9. Keken nan kuwa ba ya sa yaro saurin tafiya, kuma ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda yadda yara ke gangarowa da shi daga matakala, ko ya kai su inda za su jawo abu mai zafi.

Abin da jikinsa yake nema shi ne fili. Ki yi shimfiɗa mai tsabta a ƙasa, ki kwantar da shi rub da ciki yana farke, ki ajiye wani abu mai launi inda hannunsa ya kusa kaiwa amma bai kai ba. Sai ki zuba ido. Zai dafa tafin hannu ya ɗago ƙirji, ya yi nishi, ya miƙa hannu ɗaya, nauyinsa ya rinjaye shi ya mirgina. Kada ki yi saurin miƙa masa abin. A wannan faman ne wuyansa da bayansa suke ƙwari, kuma da su zai zauna, da su zai rarrafa. Shawarar hukumar ta 2019 ita ce aƙalla minti 30 na irin wannan kwanciya a rana, a rarrabe, kuma kada a bar shi ɗaure a kujera ko keken turawa fiye da awa ɗaya a jere. Idan barci ya zo kuwa, a rigingine ake kwantar da shi.

Sai maganar waya, wadda ita ce ta fi taɓa min zuciya. Tsakanin wata 6 zuwa 12 ƙwaƙwalwar jariri take tantance sautukan harshen da yake ji. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun gwada jarirai Amurkawa 'yan wata 9 da harshen Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna a gabansu yana yi musu magana da wasa sun iya bambance sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa maganar a bidiyo ba su koyi komai ba. To don Allah me muke nema idan muka jingina waya a gaban ɗan wata shida da sunan tana koya masa magana? Idan ya ce "ba-ba-ba", ki kalli idonsa ki maimaita, ki yi shiru ki jira ya amsa. Ki faɗa masa abin da kike yi lokacin wanka da sa riga. Iyaye maza, wannan aikin har da ku. Muryar uba daban take da ta uwa, kuma yaro yana buƙatar jin duka biyun.

Abinci kuma, nono zalla har wata 6, daga nan a fara ƙari sau 2 zuwa 3 a rana ana ci gaba da shayarwa. Cikinsa ƙarami ne, don haka abin ya zama mai kauri wanda zai tsaya a cokali, ba tsararo ba. Sinadarin ƙarfe mai gina jini da aka haife shi da shi yana raguwa a wannan lokaci, shi ya sa ƙwai, kifi, nama da wake da aka dafa aka dame da laushi suke da muhimmanci. Idan ya tofar, kada ki ce ba ya so, ki sake gwadawa wata rana. Zuma kuma sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Ba ina cewa a yi sakaci ba ne. Idan ya kai wata shida ba ya juyawa inda ya ji sauti, ba ya murmushi, jikinsa ya saki ko ya sandare, nauyinsa ya tsaya a wurin awo, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ku kai shi a duba shi ba tare da jira ba. Haka ma zazzaɓi mai zafi da gudawa: kada a ce haƙori ne a zauna a gida, fitar haƙori ba ta kawo su.