Idan ruwa ya cika, ƙauye ake buɗe wa ƙofa

A watan Satumba na 2022, da tafkin Manchar na lardin Sindh a Pakistan ya cika ya batse, hukumomi suka fasa gaɓarsa da gangan. Manufarsu ita ce su ceci garuruwan Sehwan da Bhan Syedabad masu cunkoson jama'a. Ruwan da aka saki ya bi ta ƙauyuka da gonaki, dubban mutane suka bar gidajensu. A watan Mayu na 2011 ma an yi irin haka a Amurka: injiniyoyin soja suka fasa shingen kogin Misisipi da nakiya don kada garin Cairo na jihar Illinois ya nutse, ruwa ya shanye gonaki kimanin eka 130,000 a jihar Missouri.

Ba na zargin waɗanda suka yanke waɗannan shawarwari da mugunta. Wanda aka ce ya zaɓa tsakanin gari da gona a cikin dare ɗaya, gari zai zaɓa. Abin da ke damuna shi ne yadda muke maganar ambaliya a karkara kamar ƙaddara ce zalla, alhali akwai hannun mutane a ciki tun daga farko. Shingen kare ruwa a bakin birni ake gina shi, kuma ruwan da shinge ya hana shiga birni ba ɓacewa yake yi ba, gaba yake yi ya sauka a kan wanda ba shi da shinge. Madatsar ruwa birni take ba wa lantarki, amma ranar da ta cika aka buɗe ƙofofinta, mutanen ƙauyukan da ke ƙasanta ne ke fara ganin ruwa a tsakar gida.

Wasu kan ce, to me ya zaunar da su a bakin kogi? Mai wannan tambaya bai taɓa dogaro da ƙasa don ya ci abinci ba. Ƙasar da kogi ke malalowa a kanta ita ce mafi albarka, domin duk shekara ruwa na kawo mata sabon laka. Nan ne kifi yake, nan ne ciyawa ke daɗewa da rani. Shi ya sa mutane suka taru a bakin kogunan Nilu da Ganjis da Mekon tun zamanin da. A ce wa manomi ya tashi ba tare da an ba shi wata gonar ba, an ce masa ne ya daina cin abinci.

Asarar ma ba iri ɗaya ba ce. Ma'aikaci a birni idan ruwa ya shiga gidansa, ya yi asarar kaya, amma albashinsa zai zo a ƙarshen wata. Manomi kuwa komai nasa a wuri ɗaya yake, kuma a ƙasa yake. Ambaliya kan zo ne daidai lokacin da amfanin gona ke dab da nuna, bayan ya zuba kuɗinsa da ƙarfinsa, sau da yawa har da bashin taki. Ruwa ya cinye abin da ke gona, ya rushe rumbu, ya jiƙa irin da aka ajiye don baɗi. Dabbobin da su ne ajiyarsa, waɗanda zai sayar ranar da ciwo ya zo, su ma su tafi. A ambaliyar Pakistan ta 2022, wadda ta shafi mutane miliyan 33 kuma ta kashe fiye da 1,700, dabbobi sama da miliyan ɗaya ne suka mutu. Kowace saniya a cikin wannan adadi kuɗin makarantar wani yaro ce. Bayan ruwa ya janye kuma sai wata masifar ta biyo: rijiyoyi sun gurɓata da bayan gida, kwalara ta ɓulla, sauro ya hayayyafa a ruwan da ya kwanta, gada ɗaya tilo da ke kai wa asibiti ta karye. Lokacin nan 'yan jarida sun riga sun koma.

Batun gargaɗi ya fi komai ɓata mini rai, domin shi ne mafi arha. Masana yanayi a yau suna iya hango ruwan sama mai ƙarfi kwanaki kafin ya sauka. Matsalar ita ce saƙon kan tsaya a ofis ko a intanet, cikin harshen da mutumin ƙauye ba ya ji. Ko a Jamus mai arziki, a watan Yuli na 2021, an yi hasashen ruwan, amma fiye da mutum 130 suka mutu a kwarin kogin Ahr, domin umarnin tashi bai isa ga mutane da wuri ba.

Bangaladash ta nuna cewa talauci ba uzuri ba ne. Guguwar 1970 da ambaliyar tekun da ta kawo sun kashe aƙalla mutum 300,000. Daga baya ƙasar ta horar da dubban 'yan sa kai daga cikin ƙauyukan kansu, masu bin gida gida da lasifika, ta kuma gina mafaka masu tsayi da ake karatu a cikinsu a sauran lokaci. Har tuddan ƙasa aka tayar don dabbobi, saboda an gane cewa mutum ba zai gudu ya bar shanunsa ba ko da an roƙe shi. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe mutane sama da miliyan biyu, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba.

Lamarin ƙara tsanani zai yi. Duk ɗumamar iska da digiri ɗaya na ma'aunin Selsiyas na sa ta riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, wato ruwa mai yawa a cikin sa'o'i kaɗan. Ke nan za a ƙara yawan fasa shinge da buɗe madatsu. Ra'ayina shi ne, duk gwamnatin da ta san wasu gonaki za ta sakar wa ruwa ranar da ya cika, to ta faɗa wa masu su tun yanzu, ta rubuta diyyar da za ta biya a cikin doka, ta tanadi iri da za a raba kafin lokacin shuka ya wuce. Holan ta yi haka a shirinta na faɗaɗa wa koguna hanya, inda ta biya manoma, wasu kuma aka gina musu gidaje a kan tudu. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawarin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan Adam zai riƙa samun gargaɗi da wuri kafin bala'i irin wannan ya afka. Idan lokacin ya yi, kada a ƙirga mana na'urorin da aka saya. A je ƙauyen da ke ƙasan madatsa a tambayi mazauna ko akwai wanda ya sanar da su kafin a buɗe ruwa na ƙarshe, da kuma sa'o'i nawa aka ba su.